Yadda Muka Gyara Mamurɗin Injin Wanki a Gidan Liman

 

 Abin da muke so mu kawo muku a wannan fitowa ƙaramin abu ne, har muna jin nauyin ɗaukar alƙalami a kansa a shafin da malamai suka saba rubutu kan tarbiyya da zaman iyali. Labarin wani ɗan guntun roba ne wanda bai fi murfin kwalbar zuma girma ba, wato abin nan da ke saman injin wanki, wanda ake murɗawa a sa wa injin mintocin da zai yi yana aiki. A gidanmu mamurɗi muke ce masa. Ya tsage a cikin hunturun da ya shiga shekarar 2023, muka gyara shi da hannunmu, kuma za mu bayyana yadda muka yi domin wanda irin haka ta same shi ya amfana. Amma kafin mu kai ga gyaran, sai da ɗan robar nan ya nuna mana wani abu a cikin gidan da muke kwana muna tashi, wanda idonmu bai taɓa kai wa gare shi ba.

Mu mutanen Kpandai ne, a gabashin Yankin Arewa na ƙasar Ghana, garin da ya zama hedikwatar gunduma a shekarar 2008 bayan an yanke shi daga Gonja ta Gabas. Ƙasar doya ce, duk wanda ya taɓa ganin manyan motoci suna lodi a kasuwarmu zai shaida. Kakanninmu fataken goro ne da suka zauna a Salaga. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, wasu suka nufi Kete-Krachi, kamar shahararren malamin nan Alhaji Umaru wanda ya rasu a can a 1934, namu kuwa suka yi ta sauka zango zango har ƙafarsu ta tsaya a nan. Mahaifinmu shi ne limamin masallacin unguwarmu fiye da shekara talatin, kuma a zaurensa muka fara karatun allo, muka sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, kafin a kai mu makarantar sakandare. Yau muna koyarwa a makarantar Islamiyya, muna zaune a gidan da aka haife mu tare da iyayenmu da iyalinmu.

A shekarar 2021 Allah Ya jarrabi Baba da shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama da ƙafar dama suka daina motsi, harshe ya yi nauyi, kuma ya zamana ba kullum yake iya riƙe fitsari ba. Wanda ya yi jinyar dattijo ya san abin da wannan ke nufi, wato wanki safe da yamma, na zanen gado da bargo da wando da riga. Ga shi kuma Baba mutum ne mai tsanani a kan tsarki. Wanda ya yi shekaru yana karantar da mutane hukuncin najasa ba zai yarda ya yi salla, ko da a kwance, a cikin tufar da yake kokwanto a kanta ba. Da muka ga wankin ya fi ƙarfin Mma da maiɗakinmu, sai muka yi shawara da yayarmu da ke aure a Yendi da yayanmu da ke kasuwanci a Bawku, muka haɗa kuɗi aka sayo injin wanki daga Tamale.

Irin mai baho biyu muka saya, domin shi ya dace da gari irin namu. Ba ya bukatar famfo, da bokiti ake zuba masa ruwan da aka ɗebo daga burtsatse. Baho ɗaya na wanki ne, a ƙasansa akwai faifai mai juyawa, ya juya dama, ya ɗan tsaya, ya juya hagu. Ɗayan kuma na matse ruwa ne, yana juyawa da gudu har kaya su fito saura kaɗan su bushe. Kowane baho yana da agogonsa, na wanki yana kai wa minti 15, na matsa minti 5. Ranar da aka kawo shi Baba ya sa aka ɗauko shi a kujera ya zo ya gani, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya kafa mana doka da harshensa mai nauyi. Ya ce ruwan da omo ya canza masa launi da ƙanshi yana fitar da dauɗa, amma a mazhabar Imamu Malik ba ya kawar da hukuncin najasa. Saboda haka a fara ɗauraye wurin najasar a waje da zallan ruwa, sa'an nan a sa a inji, bayan an gama kuma a zubar da ruwan kumfa a ɗauraye da sabon ruwa har ya riƙa fita garau. A kan wannan doka gidan ya tsaya, mu kuwa muka ɗauka mun sauke nauyin da ke kanmu. Mun ba da kuɗi, inji ya zo, magana ta ƙare.

Wata Litinin a cikin Janairun 2023 muka dawo daga makaranta da wuri saboda ƙura ta yi yawa an sallami yara. Muna ajiye babur a zaure muka ji salati daga bayan gida. Muka tarar da maiɗakinmu a durƙushe kusa da inji tana riƙe da hannunta na dama, ga filaya a ƙasa cikin ruwan kumfa, ga ta ba takalmi a ƙafa, kuma a lokacin tana da cikin wata bakwai. Muka zare fulogi daga bango, muka kama ta muka zaunar. Da numfashinta ya dawo sai ta ce, "Malam, ba komai, wuta ce ta ɗan ja ni." Muka dubi saman inji, sai muka ga babu mamurɗi a agogon wanki, tsinken ƙarfe ne kawai a tsaye, duk haƙoran filaya sun ƙarje shi. Muka ɗauke ta zuwa asibiti aka duba ta aka duba cikin, Allah Ya kiyaye, babu abin da ya same su.

A daren ne Mma ta faɗa mana gaskiyar magana. Mamurɗin ya fi mako uku da tsagewa. Da farko yana juyawa yana zamewa, daga baya ya daina kamawa gaba ɗaya, sai suka ɓoye shi a cikin kwanon Mma suka koma murɗa tsinken da filaya. Ranar da filayar ta ƙi kamawa kuwa, sai su jira mu yi barci su yi wankin da hannu a cikin sanyin dare. Muka tambayi Mma me ya hana su faɗa. Ta ce, "Ɗan nan, muna ganin yadda kake lissafin kuɗin maganin Babanku a bayan littafi. Wa zai zo maka da maganar inji?" Gaskiya ta faɗa. Shekarar 2022 ta gasa kowa a Ghana, darajar sidi ta faɗi, kuma a watan Disamba hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Amma da muka riƙe hannun maiɗakinmu a hasken fitila muka ga yadda sanyi da omo suka tsattsaga mata yatsu, sai muka san cewa tsadar rayuwa ba za ta wanke mu ba. Mako uku muna cin tuwo daga hannun nan ba mu lura ba. Mako uku muna sa farar riga mai tsabta muna tsayawa gaban yara, ba mu taɓa tambayar yadda aka wanke ta ba.

Washegari muka kira wani maƙwabcinmu mai gyaran wuta. Ya kwance murfin saman inji, ya nuna mana abin da ya faru. Ashe mamurɗi yana da aiki biyu. Bayan murɗawa, shi ne hular da ke rufe ramin da tsinke ya fito, kuma shi ne ke raba hannun mutum da ƙarfe. Da aka cire shi, ruwan kumfa ya riƙa bin tsinken yana gangarawa cikin agogon, inda wayoyin wuta suke, ruwan kumfa kuwa yana ɗaukar wuta. Wutar gidajenmu mai ƙarfin bolt 230 ce, kuma wanda ke tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti ya zama mata hanya zuwa ƙasa. Ya kuma gano cewa doguwar wayar da muka jawo daga ɗaki zuwa bayan gida mai jijiya biyu ce, babu ta uku, wato wayar ƙasa, wadda aka yi dogon haƙorin fulogi saboda ita. Wannan laifinmu ne, mu muka sayo ta don ta fi araha. Ya canza wayar, ya sa wa wayoyin agogo alama ɗaya bayan ɗaya ya ciro shi, ya ce a shanya shi a rana kwana biyu. Game da mamurɗi kuwa ya ce ba a sayar da shi shi kaɗai a garin nan, sai dai in an dace da mataccen inji irin namu a ciro, ko a aika Tamale ko Kumasi.

Muka buga wa 'yan'uwa waya. Yaya ta Yendi ta zagaya shagunan masu gyara ta samo guda ɗaya ta ba direba ya biyo da shi ta Bimbilla da Wulensi, da ya iso sai muka ga raminsa ya fi tsinkenmu faɗi. Wani ɗan baffanmu a Salaga ya aiko da na tsohon murhun gas, shi kuma ya yi ƙanƙanta. Yaya na Bawku ya ce zai duba a kasuwar Sankansi da ke bakin iyakar Togo, amma a yi masa haƙuri, domin tun ƙarshen 2021 da rikicin sarauta ya sake tashi a garin aka sa dokar hana fita, kuma a lokacin mutum ba ya kama hanya sai dole. Muka ce masa ya zauna gida, ransa ya fi mana inji.

A kwanakin nan wanki ya dawo hannunmu, domin mun rantse maiɗakinmu ba za ta sake taɓa shi ba sai ta haihu, Mma kuwa gwiwoyinta ba sa barin ta durƙusa. Da muna almajirai mun sha wanke rigunan malaminmu, har muna ganin mun san wanki. Ashe wankin rigar malami daban, wankin majinyaci daban. Bargo ɗaya in ya sha ruwa sai mutum ya tattara ƙarfinsa kafin ya ɗaga shi. Bokiti takwas muke ɗebowa kafin sallar Asuba, mu ɗauraye, mu cuɗa, mu sake ɗaurayewa, mu matse, kafin mu tafi makaranta bayanmu ya riƙe. Rana ta uku wani dattijo daga cikin masu bin Baba salla ya shigo gaisuwa ya tarar da mu a gaban baho, hannun riga a naɗe. Ya tsaya ya ce, "Subhanallahi, Malam ƙarami, ina matan gidan?" Muka ji kunya ta rufe mu, kuma daga baya muka fi jin kunyar wannan kunyar. Sau nawa muka karanta wa ɗalibai abin da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta faɗa da aka tambaye ta aikin Manzon Allah a cikin gida? Buhari ya ruwaito cewa yakan kasance cikin hidimar iyalinsa har lokacin salla ya yi, Imamu Ahmad kuma ya ruwaito cewa yakan ɗinke tufarsa ya gyara takalminsa. Mun iya fassara shi, mun iya jawo darasi daga cikinsa, amma sai da muka kai shekara talatin da 'yan kai kafin maƙwabci ya gan mu a gaban baho, har abin ya zama masa abin mamaki.

Da agogon ya bushe muka ɗauke shi muka duba, domin murfinsa na roba ne mai nuna ciki. Babu batir a ciki, babu wani abin kwamfuta. Sifirin ne a naɗe kamar na tsohon agogon tebur, da ƙananan ƙafafu masu haƙora. In an murɗa tsinke sai sifirin ya ɗaure, sa'an nan ya riƙa warwarewa a hankali, shi ne ƙaran nan na tik-tik da ake ji. Yana warwarewa yana juya wasu faifai masu tudu da kwari, su kuma suna danna ƙananan harsunan ƙarfe su haɗa wuta su raba. Haka ake samun juyin dama da tsayawa da juyin hagu, in lokaci ya cika kuma wuta ta yanke. Daga nan muka gane dalilin tsagewar mamurɗi. A bayansa akwai ɗan wuya kamar bututu, raminsa zagayayye ne ta gefe ɗaya, ta ɗaya gefen kuma a shafe yake, daidai da siffar tsinke. Wannan shafaffen gefe shi ke kama tsinke ya juya shi. Duk ƙarfin da ake sawa wajen ɗaure sifirin a kusurwar nan yake taruwa, yana tura robar waje. Yau da gobe, ga rana ga zafi, robar ta bushe ta tsage daga sama har ƙasa, wuyan ya buɗe baki, tsinke ya riƙa zamewa a ciki.

Gwajinmu na farko gaggawa ce. Muka sayo sufa gulu, muka ɗiga a tsagar, muka matse da yatsa, muka jira minti goma. Murɗawar farko ta kama, har muka yi hamdala da ƙarfi. A ta biyu muka ji ƙas, ya sake buɗewa a daidai inda ya tsage. Irin wannan gam yana bushewa ya yi tauri kamar gilashi, kuma bakin tsagar siriri ne, babu wurin da zai riƙe, alhali ƙarfin da ya fasa robar tun farko yana nan yana turawa daga ciki.

Da dare muna zaune a ɗakin Baba muna ba shi kunu, mamurɗin yana hannunmu muna jujjuyawa. Ya miƙo hannun hagu ya karɓa, ya kai shi kusa da ido, ya sa babban yatsa ya buɗa tsagar. Sa'an nan ya nuna mana ƙarƙashin gadonsa. Muka jawo tsohuwar jakarsa, ya sa muka ciro wuƙar da yake yankan layya da ita tun muna yara. Ƙotarta ta itace ce, ta tsage tun kafin a haife mu, wani maƙeri a Salaga ya naɗe ta da waya ya ƙulle, har yau ba ta motsa ba. Baba ya ɗora yatsa a kan wayar, ya ɗora a kan wuyan mamurɗi, ya yi ta ƙoƙari har kalmomin suka fito: "Abin da ya tsage daga ciki, ɗaure shi ake yi ta waje." Muka ce, "Baba, Allah Ya ƙara muku lafiya, mun gane." Rabon da mu ga ya yi murmushi irin na ranar an daɗe. Shekara biyu kowa yana yi masa hidima, ba mai tambayarsa komai sai yaya jiki, ga shi yau ya sake karantar da mu.

Ga yadda muka yi, daki-daki, domin mai bukata. Da farko muka kankare busasshen gam da reza, muka wanke mamurɗin da sabulu don maiƙo ya fita, muka shanya shi ya bushe sarai, sa'an nan muka goge bayan wuyan da samfefa har ya yi kaushi, domin gam ba ya kama wuri mai santsi. Na biyu, muka feɗe wata tsohuwar wayar lantarki muka ciro jan ƙarfen da ke ciki, mai kauri kamar tsinken tsintsiya. Muka matse wuyan har tsagar ta haɗe, muka naɗa wayar zagaye bakwai, kowane zagaye manne da ɗan'uwansa, muka haɗa bakin biyu muka murɗe da filaya har ta kama gam, muka yanke saura muka kwantar da ƙullin. A nan sai an yi hattara, in an matse fiye da kima ramin zai tsuke tsinke ya ƙi shiga, don haka muna naɗawa muna gwadawa. Na uku, muka sayo gam ɗin nan mai tagwayen bututu da 'yan kasuwa ke kira Araldite, muka matso daidai wa daida daga kowanne, muka gauraya da tsinken ashana, muka shafe wayar da shi, muka cika sararin da ke tsakanin wuya da bangon mamurɗi, ba tare da ya tudo ya wuce baki ba, don kada ya riƙa gogar jikin inji.

Saura matsala ɗaya. Shafaffen gefen ramin ya cinye saboda zamewar da tsinke ya yi ta yi, tsinken kansa kuma filaya ta ƙarje shi. Muka sa magagari muka share ƙarjin a hankali. Sa'an nan muka roƙi Mma ɗan man kaɗanya muka shafe tsinken da shi sosai, domin gam ba ya kama maiƙo. Muka kwantar da mamurɗin a kan tabarma raminsa yana kallon sama, muka shafa gam ɗan kaɗan a gefen da ya cinye, muka kifa agogon muka zura tsinken daga sama, shafaffe yana fuskantar shafaffe. Mun yi haka ne don in gam zai zuba ya zuba cikin mamurɗi, domin ɗigo ɗaya in ya shiga cikin agogo ya kashe shi. Da gam ya fara ƙarfi kamar ƙullun tuwo muka zare tsinken a miƙe ba tare da murɗawa ba, sai ga ramin ya ɗauki siffarsa daidai. Muka ajiye shi a kan taga kwana ɗaya cur, muka hana kowa taɓawa, har da kanmu, domin darasin sufa gulu bai bar mu ba.

Ranar Alhamis da yamma maƙwabcinmu ya dawo ya mayar da agogo, ya haɗa wayoyin bisa alamominsa, ya auna jikin inji da na'urarsa ya tabbatar babu wuta a inda bai kamata ba. Muka danna mamurɗin a kan tsinke, kibiyarsa tana kan sifiri. Muka zuba ruwa, muka sa farar rigar Baba da rawaninsa, muka yi bisimilla muka murɗa zuwa 15. Ya kama. Tik-tik ya tashi, faifai ya juya dama, ya tsaya, ya juya hagu. Mma ta ɗaga hannu sama, maiɗakinmu kuwa tana daga bakin ƙofa tana dariya, ta ce, "Malam, ashe da fita aka aura mini ban sani ba." Washegari aka kai Baba masallacin Juma'a a keken guragu cikin farar rigarsa. Duk abin da muka kashe a kan mamurɗin bai kai kuɗin motar zuwa Tamale ba.

Daga baya mun karanta cewa abin da muka yi don dole, a wasu ƙasashe har doka aka yi masa. A birnin Amsterdam na ƙasar Holan, a shekarar 2009, wata mata mai suna Martine Postma ta fara tara mutane a wuri ɗaya su kawo kayansu da suka lalace a taya su gyarawa kyauta, abin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. 'Yan'uwanmu masu karanta ɓangaren Faransanci na wannan mujalla wataƙila sun san cewa a ranar 1 ga Janairu 2021 Faransa ta fara tilasta wa masu sayar da wasu kayan lantarki, har da wani nau'in injin wanki, su manna maki daga cikin goma da ke nuna sauƙin gyaran kayan. A shekarar kuma Tarayyar Turai ta wajabta wa masu ƙera injin wanki su tanadi kayan gyaransa na tsawon shekaru bayan sun daina ƙera samfurin. Mu a nan ba mu rasa masu hannu ba, wanda ya taɓa shiga Suame Magazine a Kumasi ya ga yadda ake tayar da motar da aka yanke wa ƙauna ya san haka. Abin da ke raguwa shi ne gyaran cikin gida, irin na iyayenmu masu ɗinke ƙwarya da naɗe ƙota. Mun fara saba wa jefarwa, alhali aljihunmu bai kai na masu jefarwa ba, addininmu kuma ya hana almubazzaranci.

Sai dai muna jan kunnen mai karatu da abubuwa uku, domin ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na ɗaya, kada a taɓa komai a jikin inji sai an zare fulogi daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba. Na biyu, kada a mai da filaya mamurɗi ko na rana ɗaya, in ya tsage a dakatar da inji har a gyara, kuma mai wanki ya sa takalmin roba. Na uku, gyaran roba namu ne, amma abin da ya shafi waya a bar wa mai sana'ar, domin a cikin inji akwai wani abu da ake kira kafasita wanda ke iya riƙe wuta ko bayan an zare fulogi. Ga magidanta kuma muna ƙara na huɗu, wanda mu muka koya da tsada. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in yana ɗaga kai ya duba. Ku riƙa zagayawa bayan gida, ku dubi murhu da igiyar guga da wayar wuta, ku dubi hannun matanku, ku tambaya tun ba a faɗa muku ba. Matanmu da iyayenmu mata suna ɓoye wahala don tausayinmu, kuma wannan tausayin ya kusa jawo mana asarar rai biyu a rana ɗaya.

Maiɗakinmu ta sauka lafiya a watan Maris, kwanaki kaɗan kafin azumi, aka sami 'ya mace, Baba ya yi mata huɗuba da bakinsa. Bayan wata biyar saƙon Yaya ya iso daga Bawku, sabon mamurɗi fari tas, daidai da tsinkenmu. Muka ajiye shi a jakar Baba kusa da wuƙar layya, domin na wayar bai ba mu dalilin cire shi ba. Tun daga wancan lokaci wankin daren Alhamis da na safiyar Lahadi namu ne, kuma dattijon nan da ya yi mamaki ya daina yi, har wata rana ya kawo mana mamurɗin rediyonsa mu duba masa. Baba ya koma ga Mahaliccinsa a shekarar 2024, a cikin tufa mai tsarki kamar yadda ya so. Injin yana nan yana wanke kayan jikokinsa.

Allah Ya jiƙan mahaifinmu da dukkan magabatanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da mafificin alheri, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya, Ya sa mu zama masu amfani ga iyalanmu.